Kunnen Dodon Balbela

Kafin jirgin farko ya tashi, shi yake fara fitowa. Da gari ya waye za ka hangi wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya tana bin gefen titin jirgi a hankali, kamar mai neman allurar da ta faɗi. Gwangwanaye na jan ƙasa a bayanta. A ciki akwai wani dattijo siriri, da jar tuta, da bindigar da ba ta cin harsashi, ƙara kawai ta iya. Aikinsa korar tsuntsaye, domin tsuntsu ɗaya in ya faɗa cikin inji yana iya sauko da jirgi da duk wanda ke ciki. Na daɗe a duniya, har mai gadin rijiyar da ta ƙafe na taɓa gani, amma ban san ana ɗaukar mutum aikin share sararin sama ba sai a kansa. Abokan aikinsa suna kiransa Dodon Balbela. A watan nan ya ajiye aiki, shi ya sa na ɗauki biro.

Rumfata ta gyaran rediyo tana jikin wayar da ta kewaye filin jirgin. Wata rana ya kawo mini rediyonsa, ya ce ta koma yin raɗa. Na kunna, sai da telan da ke gefena ya leƙo yana tambaya ko biki ake yi. Na ce masa lafiyarta lau. Ya yi murmushi ya ce to, gobe zai dawo ya karɓa. A nan na gane ba rediyon ce ke buƙatar gyara ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Masu lodin kaya, masu zuba mai, makanikai, duk a gindin inji suke wuni, auduga ko takarda cushe a kunne. A layin da suke haya, baƙo zai rantse kowane gida faɗa ake yi, alhali tambaya ce kawai ko an kawo ruwan wanka. Ƙungiyar ma'aikata ta nemi kamfanin ya sayo marufin kunne na gaske, ya kuma kawo likitan da zai riƙa duba su. Kamfani ya ce ana dubawa. Da dubawar ta ƙi ƙarewa, aka shiga yajin aiki.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Jirage sun yi tsaye kamar shanun da suka ƙoshi. Ciyawa ta ɗago kai, tsuntsaye kuma suka ji labari. Balbelu suka sauka a titin jirgi fari fat, hankaki suka hau fukafukai suna takawa kamar fasinjojin da suka biya kujerar gaba. Masu yajin suna zama a inuwar rumfata, samarin cikinsu suna ta mamakin yawan kukan tsuntsayen da bai taɓa kai musu kunne ba. Dodo kuwa ya riƙe wayar shingen filin ya zuba ido. Can ya juyo ya ce mini, "Ashe magana suke yi, Malam. Ga bakinsu nan yana motsi."

Kamfani ya ɗauko ma'aikatan aro daga waje. Amma matuƙan da aka kawo suka ga farin da ya rufe titin, suka ce ba mai tayar da inji sai Dodo ya zagaya. Yajin mutane masu yawa ya koma rataye a wuyan tsoho ɗaya.

Sai manajan kamfanin ya je gidan Dodo da kansa. Matar Dodo ta ce ta ba baƙon kujerar da ba ta girgiɗi, ta koma bakin ƙofa. Da sirri ya zo, amma da yake dole ya ɗaga murya, duk layin sai da ya ji. Wani likita ya taɓa cewa kunnen Dodo na hagu da sauran ji, zai gyaru in an yi aiki da wuri. Manaja ya ce kamfani zai ɗauki nauyin aikin a babban asibiti, har da na'urar ji, in dai gobe motar gwangwani ta fito. Kuma manajan ba mugun mutum ba ne, matar ta ce shi ma a rame yake.

A lokacin jikarsu ta fara koyon magana. Akwai wani suna da ta laƙaba masa, kowa na dariya in ta faɗa, shi bai taɓa ji ba. Matar ta durƙusa kusa da kunnen hagun ta tuna masa da wannan. Ta ce ta gaji da ihu, tana son ta sake yi wa mijinta magana irin wadda ba ta maƙwabta ba ce.

Ya daɗe yana kallon yarinyar. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, nawa saura kaɗan ne. Na yaran can cikakke ne, guda bibbiyu. In na fito gobe, wa zai saya musu marufi?"

Manaja ya tashi, ya yi sallama sau biyu kafin a amsa masa. Matar ta yi kwanaki ba ta yi wa maigidan magana ba. Da aka gaya masa fushi take yi, ya ce wallahi bai lura ba.

Yajin ya ja, tukwane suka yi sanyi a gidaje da yawa, daga ƙarshe kamfani ya sa hannu. Yau duk wanda ka hanga a gindin jirgi, da jan marufi a kunnuwansa kamar an kifa masa kofuna, likita kuma na zuwa. Amma da layi ya zo kan Dodo, likitan ya ce lokacin yi wa kunnensa aiki ya wuce. Shi ma an ba shi marufinsa. Ya riƙa sa shi kullum har ranar da ya bar aiki, wai don yara su gani su saba.

Kai ne Dodon da bai taɓa kashe balbela ba. Kai ne ka share hanya ga dubban matafiyan da ba su san da kai ba, suna can sama suna barci. An miƙo maka muryar jikarka a tafin hannu, ka duba, ka mayar. Samarin da za su tsufa suna jin kiran 'ya'yansu, da kunnenka suke ji.

Ku da ke ƙungiyoyi, da ku da ke manyan ofisoshi, in aka zo muku da abin da zai gyara ku ku kaɗai, ku tuna da tsohon nan kafin ku miƙa hannu.

Yanzu da safe tsaba yake watsa wa tsuntsaye a tsakar gida, wai yana neman afuwarsu. Matarsa na zama a gefensa, in kurciya ta yi kuka sai ta matsa masa hannu, shi kuma ya gyaɗa kai. Na je in yi masa godiya da baki, na faɗa har muryata ta dushe, ya ce mini rediyon tana nan, har yanzu raɗa take yi. Don haka na rubuta. Mun gode, Dodo, Allah ya saka maka. Wannan ba sai ka ji ba, karantawa za ka yi.