Wainar Sadakar da Ta Tona Tafiyarmu

Ko da za a shafe mini duk abin da ke cikin kaina, akwai abu ɗaya da na tabbata zai maƙale, wato shekarar da ni da maigidana muka shirya fita ƙasar waje karo na farko. Har yau idan na ji ƙamshin waina ana toyawa da safe sai gabana ya ɗan faɗi.

Ni malamar motsa jiki ce a wata makarantar 'yan mata a Kaura Namoda, shi kuma yana da motocin ɗaukar hatsi. Allah ya haɗa mu da ƙafar yawo. Kullum bayan asuba sai mu fita mu taka har wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa mu dawo, mutanen unguwa suna yi mana dariya wai miji da mata sun rasa aikin yi. To da Allah ya hore, sai muka ce bari mu kai wannan ƙafa inda ba ta taɓa zuwa ba. Alƙahira mu zagaya dalar Fir'auna a ƙasa, Istanbul mu hau tuddanta mu tsallaka ruwa, sannan Madina, mu rufe da Umara, mu hau dutsen Hira da ƙafafunmu tun gwiwa tana ɗauka.

Kai, mun sha gardama! Ni na ce a fara da ibada, don rai ba a hannunmu yake ba. Shi ya ce a'a, a gama yawon duniya tukuna a je a wanke. Na ce a bar ranar hutu tsakanin kowane gari da na gaba, ya ce wai shi da ke kwana a hanyar Legas ne za a koya wa gajiya. Na ce masa zama a mota daban, hawan tudu daban, zai gaya mini. Muka sayi takalma muka dinga fita da su don su saba da ƙafa. Biza ta fito, aka kama masauki, komai ya zauna daram.

Abu ɗaya ya rage, shi ne sallama. Kuma a nan ne hankalina ya fara tashi.

Duk wanda ya san yankinmu a 'yan shekarun nan ya san ba a faɗin tafiya. Da can don gudun baki ne, yanzu kuwa don mutanen daji masu garkuwa da mutane ne da masu kai musu rahoto. Da zarar an ji za ka hau jirgi, an gama yanke hukunci cewa kai mai kuɗi ne, kuma in ba a same ka ba, akwai wanda ka bari a gida. Amma kuma wane ɗan halas ne zai tsallaka teku bai durƙusa gaban iyayensa ya nemi gafara ba? Mahaifina yana Zurmi, mahaifiyar maigidana, wadda muke kira Inna, tana Badarawa ta wajen Shinkafi. Wallahi tsara waɗannan garuruwa biyu ya fi ba ni ciwon kai a kan garuruwa huɗun da ke ƙetare.

Zurmi ba ta ba mu wahala ba. Baba ya saurare mu, ya yi addu'a, ya ce mu tashi mu kama hanya tun rana tana sama. Ko matarsa bai gaya wa ba.

Badarawa muka bari sai ranar kasuwar Shinkafi, lokacin da motoci ke bin juna, muka shiga ta haya kamar kowa. Duk hanya bakina bai huta da addu'a ba, ko babur na gani ya ɓullo daga gona sai in ƙanƙame hannun maigidana. Muka sami Inna tana sussukar gero. Maigidana ɗan farinta ne, don haka tun da nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ko ta dube shi ido cikin ido. Muka ja ta ɗaki, ya yi ƙasa da murya ya gaya mata. Ta juya wajena kamar ni na yi maganar.

“Ɗiyata, har Makka?”

“Har Makka, Inna.”

Ta shiga murza bakin zanenta. Maigidana ya ce, “Inna, don Allah kada kowa ya ji. Ko ƙannena.”

“Wa zan hwaɗa wa?” in ji ta. “Ku tashi, Allah shi kiyaye.”

Kuma ga gaskiya, ba ta faɗa wa kowa ba. Abin da ta yi shi ne, ranar Juma'a ta jiƙa shinkafa, ta toya waina ƙwarya guda, ta raba gida-gida, ta aika wa liman nasa da roƙon a saka matafiya masu tsallaka ruwa cikin addu'a. Haka uwarta ta yi lokacin da wani nasu ya tafi aikin Hajji, haka kowace uwa take yi. A wurinta wannan ba magana ba ce, sadaka ce. To amma Badarawa ba Kano ba ce. Tsohuwar da ke da ɗa guda mai motoci ta yi sadakar tsallaka ruwa, ai ko jariri ya san wanda za ya tsallaka.

Bayan 'yan kwanaki, muna cin abincin rana, wayar maigidana ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Hannunsa da miya, sai ya buɗe muryar ya ajiye a tabarma. Wani ya yi sallama a natse, kamar tsohon aboki.

“Alhaji, mun ci waina. Allah shi kai ku lahiya. Tsohuwa kuma kada ka damu, muna ganin ta kullum.”

Ya kashe.

Innalillahi! Ban san lokacin da na tashi tsaye ba. Muka kira lambar, a kashe. Maigidana ya ce wataƙila wani ne mai neman sautu, amma na ga ya ture kwanon gefe. Ni kuwa na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma na ji haushi. Na ce abin da bai kamata ba a kan Inna, na ce tsufa ne ko rashin tunani. Ya tashi ya fita tsakar gida ya tsaya yana kallon bango.

Muka aika ƙaninsa ya taho da ita Kaura ranar kasuwa ta gaba. Kwanakin da ke tsakani ban san me na koya wa ɗalibaina ba. Waya na ƙara sai in zabura, in ba ta yi ƙara ba kuma in ce me ya sa. Akwatunanmu suna jingine a ɗaki, ko kallonsu ba na son yi.

Da ta iso, ta sha ruwa, maigidana ya gaya mata duk yadda aka yi.  Sannan ta dube ni.

“Mi na yi, ɗiyata? Ban buɗe baki ba.”

“Wainar ce, Inna.”

Sai na ga idonta ya kawo ruwa. A lokacin ne na gane. Matar nan tun da ta haife shi kunya ta hana ta yabe shi ko sau ɗaya a gaban mutane. Wannan wainar ita ce kaɗai hanyar da ta samu ta ce ɗana ya zama mutum. Haushina ya narke, kunya ta kama ni.

Ya ce ta zauna a Kaura har mu je mu dawo. Ta ce atafau. In ta gudu, an tabbatar akwai abin, kuma ga ƙannensa da jikoki can, su wa zai ɗauke? Ya ce to ta koma ta ce an fasa.

“Ban yin ƙarya da hurhurata,” ta ce. “In kuna so in ce an hwasa, ku hwasa.”

Muka dubi juna. Ga biza, ga masauki, ga watannin da muka yi muna gardama. Wallahi ban ji daɗi ba, amma ni na fara cewa mun fasa.

Ta gyara zama. “To ku ji. Wata rana za ku tai, na sani. Ran nan kada ku zo min sallama, kada ku hwaɗa min. Ban yarda da kaina ba, murna za ta sa in sake wani abin. Gahwarar da za ku nema, ga ta nan tun yau. Na yahe mishi duniya da lahira, ke ma na yahe miki.”

Maigidana, ƙaton mutum, ya kifa kai a gwiwa yana kuka.

Ta koma Badarawa ta ce tafiya ta lalace. Mutane suka ƙara nasu gishirin, wai karayar arziki ta same shi, wai 'yan damfara sun cinye shi. Wasu har jaje suka zo yi mata, masu dariya suka yi. Ta haɗiye duka. Shi kuma ya ci gaba da bayyana a kasuwar Shinkafi cikin tsohuwar rigarsa, yana rigima da 'yan dako kamar kullum. Ba a sake kira ba. Har gobe ba mu san ko wane ne ba.

Sai da shekara ta zagayo, magana ta mutu, sannan muka sake shiri daga farko. Muka fita daga gida da jaka ɗaya kamar masu zuwa Gusau asibiti. Mun zagaya dala, mun hau tuddan Istanbul, inda mai kwana a hanyar Legas ya roƙi a ba shi ranar hutu. Ba mu sa hoto ko ɗaya a waya don mutane su gani ba.

A Makka, bayan mun sauko daga dutse, ya kasa daurewa ya kira ta wai su gaisa kawai. Suna cikin gaisuwa aka ɗaga kiran sallar la'asar, ya cika ko'ina. Badarawa kuwa a lokacin ko azahar ba a daɗe da yi ba. Ina jin ta ta cikin wayar, ta yi tsit har ladan ya kai ƙarshe. Ya buɗe baki zai yi magana, ta riga shi.

“Kada ka hwaɗa min,” ta ce. “Je ka yi salla. Ka sa ni ciki.”

Wannan karon ba ta toya waina ko ƙwaya ɗaya ba. Da muka dawo, ruwan Zamzam a jarkar man gyaɗa muka kai mata, ta sha a ɗaki ita kaɗai. Har Allah ya karɓi ranta, Badarawa ba ta san ɗanta ya je ba.

Abin da na koya shi ne, mai shirin tafiya yakan ƙare hankalinsa a kan inda za shi, alhali tafiyar tasa a wuyan waɗanda ya bari take. Yanzu duk wanda ya zo neman shawarata kan wane gari zai fara da shi, sai in ce ya fara zama da na gida tukuna, ya tambayi kansa me wannan tafiya za ta ci musu. Mu tamu ta ci wa Inna murnar da ta jira tsawon rayuwarta, kuma ta biya ba tare da ta taɓa yi mana gori ba.