Keken da Kawu Ɗanjuma Yake Turawa

Duk wanda ya san Kawu Ɗanjuma, yayan mahaifiyata, ya san ƙararrawarsa. Kirrin-kirrin! Sai ka kauce da sauri ka ba mai keke hanya, ka waiwaya ka ga mutum yana takowa a ƙasa, keke a gefensa, yana tura shi a hankali kamar mai rakiyar amarya.

A shekarar da aka ba mu jihar Jigawa ya saye shi a Birnin Kudu, kuma har ya bar duniya ledar kamfani tana naɗe a jikin sandar keken. Kun tuna ranar kasuwar garin Sara? Buhun gero a ka, keke a hannu, gumi har gemu.

"Malam Ɗanjuma, ɗora buhun a kariya mana!"

"Kaina kyauta Allah ya ba ni. Kariya kuwa saya na yi."

Ran da ruwa ya tare shi a hanyar Gwaram, sai ga shi ya shigo gida daga shi sai 'yar shara, yana rawar sanyi. Babbar rigar tana kan keke. Inna ta riƙe baki ta ce, "Yaya, mura za ta kama ka!" Ya ce, "Mura tana da magani. Kin taɓa jin an ba tsatsa jiƙo?"

To, wannan mutumin ne ya koya mini hawa keke.

Ina 'yar shekara tara muka koma wani ɗan ƙauye a bayan Kangire, kusa da gonar Baba. Makaranta ta yi nisa. Baba ya ce ba zai bar yarinya tana yanka daji a ƙafa ba, in an dawo daga hutu sai in zauna gida. Ban yi musu ba. Na dai ɗauki littafin karatuna na zauna gindin tsamiya ina buɗe shi ina rufewa. Nan Kawu ya same ni. Ya daɗe yana kallona, ya daɗe yana kallon kekensa, sannan ya yi wata ajiyar zuciya irin ta wanda za a cire wa haƙori.

"Dije, tashi. Amma ki wanke ƙafa tukuna."

Cikin yashin rafi ya kai ni, lokacin rani ne, ruwa ya janye. Na ji daɗi a raina, na ce Kawu yana tausayin gwiwoyina. Keken ya fi ni tsawo, don haka na zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda, na maƙale a gefe kamar ƙadangare a jikin katanga. Na taka feda, muka kife ni da keken. Kawu ya sheƙo a guje yana salati, ya tsallake ni, ya ɗaga keken yana hure masa yashi.

"Kawu, gwiwata!"

"Ke za ki warke. Shi fa?"

Da faɗuwa ta ishe ni, na ce, "To Kawu, ka hau ka nuna mini mana."

Ya gyara hula. "Likita yana shan maganin da yake ba ki?"

Matan da ke tonon ruwa a yashin suka kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce, "'Yar nan, ai bai iya ba! Ko sau ɗaya bai taɓa hawa ba!" Kawu ya ce, "Goggo, ki ji da tulunki."

Amma kullum da hantsi yana nan riƙe da kariya, yana bina a guje, yana haki yana ba da umarni. "Kalli gaba! Wanda ya kalli taya ƙasa yake nema!" Wata safiya, a kan 'yar hanyar gona, na ji keken ya yi sauƙi, iska tana shiga cikin ɗankwalina, itatuwan ɗorawa suna wucewa kamar suna gaishe ni. Na ce, "Kawu, kar ka saki!"

"Ina riƙe!"

Muryar daga nesa ta zo, can wajen tsamiya.

Ranar komawa makaranta shi ya je ya sami Baba. "Ga keke, ga mai keke. Saura wane uzuri?" Baba ya yi murmushi ya ce Allah ya tsare. Na hau. Har na kai bakin titi ina jiyo shi a baya: "Kar ki ja birki ba dalili! Robar tana cinyewa!"

Shekaru bayan haka, ina sakandare, zazzaɓi ya kwantar da shi, babu mota a kusa. Na ce ya hau kariya in kai shi asibiti. Ya ce mu biyu mun yi wa taya yawa. Inna ta ce ko ya hau, ko ta sayar da keken yau ɗin nan. Ya hau, ya ƙanƙame sirdi da hannu biyu, idanu a rufe. Muka gangara ta cikin gonakin dawa, iskar kaka tana kaɗa zangarniya. Can na ji ya ce a hankali, "Dije, ashe haka yake da daɗi?"

Na ce, "Haka yake, Kawu."

"To ɗan ƙara gudu. Kaɗan fa."

Ya Allah, bawanka Ɗanjuma ya yi tafiya mai yawa a ƙasa don wasu su hau. Ka hutar da ƙafafunsa, ka sanyaya kabarinsa, ka riƙe shi kamar yadda ya riƙe ni, kar ka saki. Amin.