Ranar da Yaya Ya Nuna Mana Tafkinmu

Shekarar da aka samu mulkin kai, yayana ya zo Dutsin-Ma hutu daga Ikko, inda yake tuƙa Turawa yawon shan iska a bakin teku. Da motar maigidansa ya zo, ya kuma rantse sai ya zaga da mu yadda ake yi wa manyan baƙi. Manyan baƙin kuwa su ne ni da Goggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta shekara talatin tana tallar nono a ƙafa a kan hanyar Kurfi.

Ya buɗe mana ƙofa, ya zaunar da mu a baya. Duk inda muka kai sai ya rage gudu ya yi bayani. Ya nuna mana gero, ya ce gero ne. Ya nuna mana dutsen da aka haife mu a gindinsa. Mun ƙaru ƙwarai da gaske.

Kusa da Barkiya ya tsayar da mota bakin wani tafki, ya ce mu fito, haka Turawa ke yi. Ya riƙe ƙugu yana kallon ruwan da tausayi.

Ya ce, "Goggo, da kin ga teku. Ba a hango ƙarshensa. Wuni ake yi ana kallo."

Ta ce, "Shanu nawa yake shayarwa?"

"Ai ruwan gishiri ne, dabba ba ta sha."

Goggo ta dube shi sama da ƙasa. "Allah sarki, ɗan nan. Shekara bakwai kana kai mutane gaida ruwan da ko akuya ta ƙi. Mai da ni gida, ban yi tatsa ba."