Rajistar Tanko Monita

Duk wanda ya san Malam Tanko ya san ba ya shiga zauren ɗan ajinsu da sallama kaɗai. Zai yi sallamar, ya gyara murya, ya zaro wata tsohuwar rajista daga aljihun taguwa, sannan ya ɗaga murya: "Lamba bakwai, Garba na Ƙofar Kibo." Ni ne lamba bakwai ɗin. In ban ce "Firezan" ba, ko zai kai la'asar a tsaye ba zai zauna ba. Ita ce kuwa kalmar Turanci guda da na tsira da ita daga makarantar Midil.

Mu goma sha shida ne a ajinmu, aka naɗa Tanko monita, mai kiran suna da safe. Aka gama makaranta, kowa ya kama gabansa, shi ya zauna bakin kasuwa yana rubuta wa mutane wasiƙa, amma bai ajiye monitanci ba. Ya ce Baturen da ya naɗa shi ya koma ƙasarsu bai tuɓe shi ba. Ya kwafe sunayenmu a littafi, duk wata sai ya bi mu gida gida.

Ni shekara ɗaya da 'yan watanni na yi. Kewar tuwon gyatumata ta hana ni zama. Sau uku ina gudowa ana mayar da ni, a na huɗu aka soke sunana, na zauna kan dukancin gidanmu. Wata rana na leƙa littafin na ce, "Tanko, wai me kake rubutawa gaban sunana kullum?"

Ya ce, "Latti."

"Latti kuma? Kore ni fa aka yi."

"Ba a gabana ba. Ni dai na ga an shiga aji ba ka iso ba tukuna."

Shekara goma sha biyar ina latti, jama'a. Ga gemu, ga 'ya'ya huɗu. Amma in faɗa muku gaskiya, sauran 'yan ajin da suka zama akawuna sun daina gane ni a hanya. Tanko kaɗai ya ƙi yarda an fitar da ni.

Kun dai tuna abin da ya yi wa Lawal, lamba uku, wanda ya zama babban akawu a En'e, wato hukumar gargajiya. Har ofis Tanko ya bi shi, ya tsaya bakin ƙofa gaban masinjoji ya kira suna. Lawal ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba. Tanko ya lashi bakin fensir ya rubuta.

Lawal ya ce, "Me ka rubuta?"

"Bai zo ba."

"Ba ga ni zaune kana kallona ba?"

"Rigar ce na gani da rawani. Lawal ɗinmu yakan amsa."

Da mutuwa ta fara taɓa mu, ba ya rubuta "ya rasu". Sai ya rubuta "an kira shi ofis", yadda ake cewa in hedimasta ya aiko a zo da yaro. Limamin unguwarmu ya ji, ya tsare shi bayan sallar azahar: "Malam Tanko, mutuwa kake wa wasa?"

"Allah gafarta malam, ina wasa a nan? Wanda duk aka kira ofis, shi kaɗai yake shiga, kuma tambayoyi zai amsa. Na yi ƙarya?"

Liman ya dube shi, ya dubi ƙasa, ya nemi takalmansa.

Sai bazarar bara ta zo da sanƙarau. Kun gani da idonku, ba sai na faɗa ba. Makara ba ta komawa masallaci, daga wannan gida sai wancan. Cikin wata guda muka binne mutum huɗu daga ajinmu. Tanko bai tsallake jana'iza ko ɗaya ba, har ta Isiyaku ɗan ajinmu da aka yi a ƙauyensu, a ƙasa ya tafi cikin ranar nan. In an watse sai ya tsaya bakin kabari, ya kira sunan sau uku a hankali, ya jira, sannan ya rubuta. Ya daina ba kowa dariya. Mu ma mun daina nema.

Ranar wata Talata da hantsi matarsa ta aiko a kira ni. Na tsaya ƙarasa ɗinkin wata jaka, sai bayan azahar na isa. Na same shi kwance, wuya ya sanƙare, ido na kallon rufin ɗaki.

Ya ce, "Lamba bakwai."

Na ce, "Firezan."

"Yau ma latti." Ya turo mini rajistar da yatsa. "Riƙe."

"Tanko, ni da ko aji biyu ban gama ba? Ka ba Lawal."

"Ka manta dokar aji? Wanda ya shigo ƙarshe shi ke rufe ƙofa."

Bai kai Alhamis ba.

Ranar sadakar uku mu shida muka taru a zaurensa. Littafin na hannuna, na buɗe, rubutun ya yi mini kamar sawun kaji. Sai na rufe shi. Shekara goma sha biyar ina jin yana jero sunayen nan duk zuwansa wurina, kunnena ya haddace. Na fara kira. Da na zo lamba uku, Lawal ya miƙe tsaye da rawaninsa, ya ce "Firezan" da wata murya da ba ta akawu ba. Inda aka yi shiru, muka jira kamar yadda yake jira.

Lamba goma sha shida ce tasa. Ban taɓa jin an kira ta ba, don mai kira ba ya kiran kansa. Na kira sau uku. Ba abin da muka ji sai kukan matarsa daga cikin gida.

Lawal ya karɓi littafin da fensir. "Garba, me zan rubuta?"

Na ce, "Rubuta ya iso kan lokaci. Mu da muka saura, sa mana latti."

Allah ya jiƙan Tanko, ya sauƙaƙa masa tambaya, ya haskaka kabarinsa. Ranar da za a kira sunayenmu gaba ɗaya, Allah ya sa mu amsa a wuri guda, kada a rasa ko mutum ɗaya.