Malam Falalu, Mai Ajiyar Muryar Malama Saratu

Kullum ƙarfe bakwai na safe Malam Falalu yake turo kekensa daga lungunsu a Gyaɗi-Gyaɗi, ya nufi wata makarantar 'yan mata a Tarauni. Ɗakinsa ne na ƙarshe, can inda darbejiya ta hana rana shiga. In ya buɗe, kwamfuta goma sha biyu ce a jere, kowacce lulluɓe da farin ƙyalle kamar likkafani. Ɗalibai ba sa son kallon wannan jerin. Shi kuwa yaye su yake ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya yi bisimilla ya kunna. Tun shekarar da soja suka miƙa mulki yake wannan aiki, lokacin kwamfuta ɗaya ce tak. Watan gobe zai yi ritaya.

Ni a firamare na tsaya. Abin da ya yi wa ƙanwata Huraira ne ya sa na ɗauki biro.

An yi wata malamar lissafi a makarantar, Malama Saratu. Da ciwo ya fara cin ƙarfinta, Malam Falalu ya riƙa zama a bayan aji yana naɗar darussanta, yana adanawa a kwamfuta. Ta rasu, aka shekara uku, kowa ya manta.

Wata Talata yana gwada muryoyin saboda masu shirin jarrabawar shiga jami'a, sai aka ɗauke wuta. Sifika ta yi shiru, kwamfutar kuwa tana kan batirinta. Ya kulle ɗaki ya tafi sallar azahar. Huraira na alwala a famfon bayan ɗakin aka dawo da wuta. Ta fara jin tari, tarin da ta sani. Sannan ƙarar alli a kan allo. Ta leƙa ta taga: ba kowa, sai fararen ƙyallaye, ga kwaɗo a ƙofa.

"Huraira Lawan," in ji muryar, "ke nake jira."

A ƙasa aka tsince ta.

Saura mako biyar jarrabawa, a kwamfuta za a yi ta, Huraira kuwa ba ta iya kwamfuta ba. Innarmu ta rantse 'yarta ba za ta sake taka ɗakin nan ba, ko da jami'ar za ta wuce ta. Shugabar makaranta ta ce a goge muryar. Malam Falalu ya ce, "Ranki ya daɗe, a ba ni kwana uku."

Washegari da la'asar sai ga shi a zaurenmu a Daurawa, da ƙaramar kwamfuta a hammata.

"Malam," in ji Inna daga bayan ƙyaure, "matacciya ta kira sunan 'yata, ka ce in mayar maka da ita?"

"Hajiya, ba daga kabari take magana ba, daga aji ne, shekara uku baya. Ni na naɗa."

"To wa ya kunna, ɗaki a kulle?"

"Masu wuta mana. Ai ba sa kawowa sai sun ga ba ka nan."

Dariya ta kufce wa Inna. Ta turo Huraira, ta biyo ta riƙe da gefen hijabinta. Malam Falalu ya danna kwamfutar.

"Salamu alaikum, 'yan mata."

Muryar Malama Saratu ce. Inna ta ƙara damƙe hijabin Huraira.

"Sallama fa aka yi muku," in ji shi. "Ku amsa, ku ƙara da Allah Ya jiƙanta."

Suka amsa. Malama ta karanto tambaya, ta kira sunan Huraira. Sai shiru mai tsawo a cikin naɗin, ana jin motsin kujeru. Huraira ta tuna ranar: ta san amsar, kunya ta hana ta buɗe baki. Malam Falalu ya tsayar da muryar.

"Shekara uku ke nan tana jira, Huraira."

Ta sunkuyar da kai, ta yi lissafi da yatsa a kan tabarma. "Goma sha takwas, Malama."

Ya sake dannawa. Tari, sannan muryar ta ce, "Goma sha takwas ne. Na san kin sani. Wata rana za ki faɗa."

Inna ta rufe fuska da mayafi. Da safe ita da kanta ta raka Huraira har ƙofar ɗakin. Ba a goge muryar ba. Yau Huraira tana shekara ta biyu a jami'a, lissafi take karanta.

Malam Falalu, kai ne ka zauna a bayan aji ba wanda ya sa ka. Kai ne ka tako har zauren da ake zargin ka, ba ka yi fushi ba. Amintacce, mai riƙon abin da wasu suka manta, mun gode, Allah Ya saka maka da Aljanna.

Masu wayoyi a hannu, malamanku na raye, ku naɗi karatunsu tun yau. Kai kuma da za ka gaji makullin ɗakin nan, in ka ji ta yi sallama, kada ka gudu. Ka amsa.