Sakatar da Baba Kafinta Ya Kafa Ta Ciki

Kullum bayan sallar asuba Baba Kafinta zai buɗe shagonsa, ya share garin katako, ya cika butoci ya jera a bakin ƙofa, sannan ya rataye carbinsa a ƙusa ya ɗauki zarto. Baƙo zai ɗauka butocin na masu kawo aiki ne. Na mutanensa ne, waɗanda ƙwaya ta ci ta cinye, irin waɗanda mu 'yan uwansu muke ɓoye wuƙaƙen girki saboda su. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Hannu ya fara rawa, ido ya yi rauni, 'yarsa za ta ɗauke shi ya koma wajenta. Tun da na ji labarin hankalina ya tashi, don ran ƙanena a shagon nan yake rataye.

Autanmu direba ne, kafin ƙwaya ta raba shi da mota, ta raba shi da matarsa. Ranar da na tsince shi a banɗaki bakinsa na kumfa, na je wajen Baba na ce ya zo ya kafa mini sakata a ƙofar ɗakin Auta, ta waje, mai ƙarfin da ko bijimi ba zai ɓalle ta ba. Ya zo ya gama ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashensa, ya kira ni in duba. Sakata tana ciki.

"Baba, ko dai tsufa ne? Ta waje fa na ce."

"Kunnena lafiya lau, 'yata. In kin kulle shi yau, ran da kika je unguwa wa zai tsare miki shi?"

Ya juya wajen Auta, wanda ke rakuɓe a kan katifa yana karkarwa. "Ɗana, ban ce ka daina har abada ba, wannan ya fi ƙarfinka yanzu. Azahar zuwa la'asar kawai nake roƙo. In abokanka sun yi maka fito a bayan katanga, ka yi alwala, ka tura wannan da hannunka, ka yi ta istigfari har a kira salla. In an idar ka zo shago mu ƙulla wani alkawarin."

Wallahi a ranar na yi zaton tsohon nan kashe mini ƙane zai yi.

Shi ya raka Auta asibiti, ya ce addu'a ba ta taɓa hana mutum ganin likita ba. Shi yake azumin Litinin da Alhamis tare da mutanen nasa masu fama da ƙwaya, duk da shekarunsa. Mai kantin da ke kusa da shi ya ga ranar da ɗaya daga cikinsu ya ɗaga wa Baba guduma, ido jajir. Kowa ya watse, Baba ya miƙa masa buta. Da Auta ya koma ruwa, ya sake shan ƙwaya bayan 'yan watanni, ni na zage shi tas, Baba kuwa cewa ya yi, "Ka zubar da azahar. La'asar tana nan tafe."

Makon jiya zazzaɓi ya kwantar da Baba, shago ya wuni a rufe. Ina wanki a tsakar gida da rana na ji fiton nan a bayan katanga. Auta ya fito ƙofar ɗakinsa, takalmi a hannu, gumi ya jiƙa masa riga. Babu Baba, babu kowa, daga ni sai kumfar sabulu. Na so in tare ƙofar gida, amma na zauna a gaban wankina. Ya daɗe yana kallon hanyar fita.

"Yaya, miƙo mini buta," ya ce.

Na miƙa masa, rabin ruwan ya zube a ƙasa. Ya gama alwalar, ya shiga ɗaki, na ji ƙarar sakata. Suka yi ta fito har aka kira la'asar, ni kuwa ina zaune a jiƙaƙƙiyar ƙasa ina kuka.

Baba, kai ne ka ga mutum a inda mu muke ganin abin ɗaurewa. Kai ne ka bar wa Auta ƙofarsa a hannunsa, ka haɗa shi da Ubangijinsa salla bayan salla. Na gode, Allah Ya saka maka da Aljanna, Ya ba ka lafiya. Ku kuma masu irin nawa a gida, kafin ku sayo kwaɗo ku nemi likita, ku cika buta, ku zauna da shi zuwa salla ta gaba.

Tsoron bai bar ni ba, Baba, kuma ban san yadda za mu yi in ka tafi ba. Jiya ma sun zo sun yi fito. Jiya ma na ji sakatarka.