Ranar da Aka Ba Ni Kawuna In Tsare

Ƙwallon kwando ya zo mana Illela ne a hannun wani malamin wasanni, gajere mai faɗan tsiya, wanda ya yi karatu a Zariya. Tsohon wilin keke ya cire wa wayoyi ya kafa a jikin falwaya, ya ce ga kwando. Yaran gari suka yi ta yi mana dariya, wai ƙartin banza suna wasan 'yan mata da hannu. Ni ban kula ba. Tsawon da ake yi mini gori a kansa tun ina ƙarami, yau ga shi ya sami aiki.

A shekara ta biyu aka shirya gasar matasa tsakaninmu da makarantun Nijar, wasan farko a Ƙonni. Malam ya ce daga wannan wasa zai fitar da waɗanda za su zauna a ƙungiya, sauran kowa ya koma gona. Ina son rigar ƙungiyar nan kamar raina. Na gaji da zama dogon da ake aika ya ciro abu a saman rumbu.

Ƙonni ba baƙon wuri ba ne gare ni. Tun zamanin da Turawa suka ja layinsu, gidan kakanninmu ya rabu, rabi a Araba, ƙauyenmu na kusa da Illela, rabi a can. Mahaifiyata ma 'yar can ce. Abin da ban sani ba shi ne autansu, kawuna, wanda ya girme ni da kaɗan, shi ne dogon 'yan lakwal, wato 'yan makarantar can, da ake ta ba mu labari. Sai da muka sauka daga mota na gan shi cikin gajeren wando yana buga ƙwallo a kan siminti. Malam ya nuna shi da baki ya ce ni zan tsare shi, duk inda ya sa ƙafa in sa tawa.

To, mutumin da ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin tuwo kwano ɗaya da shi ba, shi zan buɗe wa hannu a fuska? Aka hura usur. Ina binsa a baya kamar mai rakiya, idona a ƙasa. In ya taso sai jikina ya kauce da kansa. Ya yi ta zurawa son ransa, 'yan kallo suna ta tafi.

Can dai zuciya ta ɗebe ni, ya yi tsalle na yi tsalle, na doke ƙwallon. Kafaɗata ta same shi ya zube, gwiwarsa ta gurje. Alƙali bai hura ba, ƙwallo na gangarawa ba kowa kusa sai ni. Ni kuwa na durƙusa a gabansa ina cewa sannu Kawu, ka yi haƙuri. Wani ɗan ƙaramin cikinsu ya tsince ya je ya zura. Har jandarman da ke gadin ƙofa sai da ya riƙe ciki don dariya.

Da aka tafi hutu Malam bai zage ni ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ya ce kawai in ba zan iya ba in tuɓe rigar, ga mai jira a benci. Na tsaya riƙe da bakin rigar, kunya da haushi sun cika ni. Sai ga Kawu ya ratso fili yana ɗingishi, ya tsaya inda ni kaɗai zan ji.

"Kai, mi kaka yi haka? Wanga hili ba zauren gida na ba. In ka koma durƙusa mani nan, kai da ka kira ni kawu har abada."

Na ce wa Malam ya bar ni in koma. Ya dube ni, sannan ya nuna mini fili da baki.

Abin da ya biyo baya ban taɓa yin irinsa ba. Na dubi Kawu cikin ido, na manne masa kamar ƙaya a zane. Ya ture ni na ture shi. Ya sake faɗuwa, na tsallake shi na bi ƙwallo, ban waiwaya ba. Sun ci mu dai, don ramin da na haƙa da farko ya yi zurfi. Amma a mota Malam ya ce in wanke rigar in zo da ita atisaye.

Labari ya riga ni isa gida, kamar yadda ya saba a bakin iyaka. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Mi ka yi ma ƙanena?"

Na ce wasa ne. Ta ce ta ji, ta ɗebo man kaɗe a ɗan gwangwani ta ce gobe in kai masa da ƙafata.

Da hantsi na same shi a zaure, ya miƙe ƙafa, gwiwa a kumbure. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi. Ya karɓi man, ya buɗe, ya shinshina, ya shiga shafawa a hankali yana tambayar mutanen Araba gida gida, har da awaki. Gwiwoyina suka yi tsami a kan tsakuwa, bai ce in tashi ba.